Ciwon Gidan Malam Mudi

Furera tana da shekara talatin da shida lokacin da sankarar mama ta kashe yayarta Hajara. Cutar ce ta ɗauke kakarsu da gwaggonninsu biyu. A Kiru har an fara cewa baki aka yi wa zuriyar Malam Mudi, kakansu.

Bayan sadakar arba'in, Furera ta bar wa mijinta gonar tumatir, ta hau mota a Kwanar Dangora zuwa wani asibiti a Kano. Aka ɗebi jininta. Da ta koma, likita ta shaida mata tana ɗauke da wata ƙwayar halitta da ake gada, mai ƙara haɗarin ciwon.

"Likita, abin da ke kashe masu shi, me ya hana shi ƙarewa tare da su?"

"Yawanci ba ya tashi sai mace ta haihu, yara sun tasa," in ji likitar. "Kafin nan ya riga ya shiga wasunsu. Maza ma suna ɗauka su ba 'ya'yansu ba su sani ba. Ba kowa ke kamuwa ba, kuma in an gano da wuri ana magani."

Furera ta wuce Bebeji wajen Baffa Gwadabe, ƙanin mahaifinta, babban gidan yanzu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai.

"Ki rufe bakinki," ya ce. "In maganar nan ta fita, wa zai nemi 'ya'yanmu? Daga uwayenku kuka kwaso."

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Waɗanda suka rasu mahaifiyarka ce da ƙannenka. Mata huɗu muka binne muna shiru. Ni na gama shirun."

Ranar sunan jikansa, ta miƙe a tsakar gida cikin mata ta maimaita abin da likita ta ce. Wasu suka ɗauki mayafi suka fita. Washegari mata bakwai suka bi ta zuwa asibitin Kano, har da Rufaida, 'yar Baffan, da ta fito ba da izininsa ba.

An sami ƙaramin ƙullutu a jikin Rufaida, aka cire. Kafin damina ta koma koyarwa a firamare.

Har yau Baffa da ƙyar yake amsa gaisuwar Furera. Ita kuwa duk wata shida tana zuwa a duba ta, kuma ta aika wa danginsu na Doguwa cewa tana nan tafe ranar Asabar, maza ma su zauna su ji.