Rana Ta Biyo Ni Gandun Lemo

Daren jiya wani mafarki ya wahalar da ni. Ni Gambo Na-Kwari, da na ga yunwa na ga kwalara suka wuce suka bar ni tsaye, ban taɓa gudu ba sai a mafarkin nan.

Na ga kaina a gandun dashen lemona. Itatuwan sun juye, ganye a ƙasa, saiwoyi a sama. Gwazarma, fararen tsutsotsin nan masu cinye mini saiwa, sun shimfiɗa tabarmi a kai suna ci, har da neman gishiri.

Malamin gona ya iso. Bunsuru ne, da tabarau. Ya miƙo mini buta.

"Baba, ga sojoji. Tsutsotsi ne masu kashe gwazarma. Kada rana ta gan su, mutuwa za su yi."

Na leƙa, ruwa kawai. Na ce, "Ban yi boko ba, amma idona ya fi tabaranka."

Wata murya siririya ta fito daga butar: "Tsoho, rufe mu, ga ta nan!"

Na waiga. Rana ce tafe a ƙasa, da silifa, tana ɗingishi.

"Gambo, me ka ɓoye a riga?"

"Fura ce, Hajiya."

"San mini."

Na zuba a guje. Ina gudu gandun na matsawa, ganye na yin rawaya ɗaya bayan ɗaya. Da kyar na kamo shi. Na tuntsurar da buta, ruwan ya tashi sama. Ashe daidai ke nan, saiwoyin can suke.

Babban gwazarma ya yi hamma. Na ji ana sallama a cikin bakinsa.

Ya ce, "Su wa ke nan?"

"Baƙi ne. A ciki za mu kwana," in ji sojojina.

"Bismillah," in ji shi. Ya yi ja kamar tattasai, ya kwanta. Sauran ma suka fara hamma.

Sai rana ta dafa kafaɗata. Ƙasa ta soma bushewa, sojojina na ihun ƙishirwa. Na tuɓe babbar rigata na baza musu inuwa, ni kaɗai tsakaninsu da ita. Bayana na soyuwa, amma ko gezau. Wa zai iya wannan in ba ni ba?

"Ruwa, tsoho! Ruwa!"

Na miƙa hannu rijiya, rijiyar ta ja da baya tana tari.

Na farka. Injin ban-ruwan maƙwabcina Ɗanjuma ne ke tari, ya ƙi tashi. Ban tsaya neman takalmi ba, na suri guga na nufi gandu ban-ruwa.