Ranar da Uwar Soso ta Wanke Tanki

Uwar Soso dai ba ta ganin datti ta wuce. Ko sabulu ta saya, sai ta ɗauraye shi kafin ya taɓa jikinta. Ita ce yayar Mai Rini, kuma tun da mijinta ya gudu, an ce wanki ne ya kore shi, take zaune a ɗakin da ke bayan masana'antar ƙanen nata.

To, hukuma ta ba Mai Rini wata huɗu: ko ruwan rinin da yake saki ya daina kashe kifin rafi, ko a garƙame wurin. Ya ɗauko wata injiniya, 'yar siririya mai tabarau. Ta cika tanki uku da murafen robar lemo da tsohuwar katifa da aka yayyanka, ta sako ruwan rinin a kai. Sannu a hankali wani yauƙi mai wari ya lulluɓe tarkacen. Injiniya har tafi take yi.

"Mama, wannan yauƙin ƙwayoyin halitta ne," ta ce wa Uwar Soso. "Su ke cinye gubar. Wata uku na yi ina renonsu, don Allah kar a taɓa."

"To, 'yata." A ranta kuwa cewa ta yi: duk shekarun nan a jami'a, ashe kiwon ƙazanta aka koyo!

Ana gobe mai dubawa daga hukuma zai zo, injiniya ta tafi karɓo takardu, Mai Rini ya tafi aski. Uwar Soso ta ci ɗamara. Baƙo ya zo ya ga wannan abin kunya tana raye? Ta zubar da ruwan, ta kwarara tafasasshe da bilic, ta dirje murafen ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli.

Washegari ruwa ya shiga tanki shuɗi, ya fito shuɗi. Mai dubawa ya ɗiba a kwalba, ya gwada, ya laluba jaka ya ciro kwaɗon kulle ƙofa.

Injiniya ta leƙa tanki, ta zauna daɓas a ƙasa. "Ina yarana?"

"Yaya!" Mai Rini ya dafe sabon askinsa. "Me kika yi?"

"Godiyar ke nan? Har yanzu ƙuguna bai miƙe ba!"

Aka garƙame ƙofa, ma'aikata goma sha biyu suka kama hanyar gida. Uwar Soso ta matso, ta ƙura wa kwaɗon ido.

"Tir, hukuma guda da tsatsa," ta ce, ta juya ɗauko soso.