Asirans ɗin Motar Tanimun

Tanimun dogon mutum ne, direban babbar mota, yana ɗaukar siminti daga Malbaza ya kai Konni da Tawa. Motar tasa ce, da guminsa ya saye ta. A daminar 1971 ya kauce wa garken shanu a wata kwana kusa da Tsarnawa, motar ta kife, sitiyari ya danne masa ƙirji. Kafin jandarma su iso ya cika.

Motar tana da asirans, abin da mutanen ƙetaren iyaka ke kira inshora. Kamfanin bai yi gardama ba. Aka ja ta zuwa gareji, aka miƙe ƙarfenta, aka sa sabon gilashi, aka shafe ta da koren fenti. Matarsa Tsahara tana fita takaba sai ga mota a ƙofar gida tana ƙyalli. Shi kuwa mai motar ba a biya kome a kansa ba, don bai taɓa yarda ya yi wa jikinsa asirans ba. Yakan ce ƙarfe ake yi wa farashi, ransa na Allah ne.

Tsahara ta miƙa wa ƙanenta Mahamudu makulli, shi ma direba ne, ya riƙa tuƙawa ana ciyar da marayu.

Mahamudu gajere ne, sai ya jawo kujera gaba kafin ƙafarsa ta kai birki. Amma kowace safiya ya buɗe ƙofa sai ya tarar kujerar ta koma baya, daidai zaman dogon mutum. Bakanike ya ce ƙugiyarta ce ta saki, ya gyara. Ba ta daina ba. In kuma ya doshi kwanar nan ta Tsarnawa, da rana tsaka, sitiyari yakan yi masa nauyi a hannu kamar wani na riƙe da shi. Yakan wuce yana salati, gumi na bin bayansa. Bai faɗa wa kowa ba.

Da shekara ta zagayo ya tafi buro, wato ofishin kamfanin asirans, a Konni don sabunta takardu. Wakilin kamfanin, Mushe Seyni (Mushe shi ne Malam da Faransanci), Bazabarme ne mai sanyin magana.

"Iri uku ne, Malam Mahamudu," in ji shi. "Na farko dole ne, na wanda ka buge a hanya. Na biyu na motar kanta, in ta faɗi ko ta ƙone. Na uku na direba, in ya nakasa ko ya rasu a ba iyalinsa."

"Wanne ka ga ya fi?"

"Ni ba zan zaɓa maka ba. Na dai zauna da mijin yayarka a wannan teburin, ya yi dariya da na ambaci na ukun."

Abin da motar ke kawowa a shekarar bai isa duka ukun ba, ɗaya kawai zai iya ƙarawa a kan na dole. Ya ce zai dawo.

Ya fara zuwa wurin limamin unguwarsu. Malam ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da a sa kuɗi a kan ajalin mutum ba, amma bai ce haramun ba ne, ya ce ya je ya yi shawara da masu dukiyar. Mahamudu ya sami Tsahara a tsakar gida tana sheƙe gero. Ya tsuguna ya yi mata bayani.

"Yaya, motar ta marayu ce. In na bar asirans ɗinta kuma wani abu ya same ta, shi ke nan."

Ba ta ajiye ƙwaryar ba. "Ran da aka kawo ta, mata suka cika gidan ga suna yi min barka," ta ce. "Ni ko ina kallonta, ba ko ƙwarzane a jikinta. Kullum ka tada ta da safe sai gabana ya faɗi, in ce shi ne. Kana da matarka Balki, kana da ɗiya ƙanana. Kada a kai mata ƙarfe ƙofar gida, Mamudu."

Washegari ya koma Konni ya biya na dole da na direba. Direbobin tasha suka yi ta mamaki. Wani ya ce masa ai ya yi wa kansa fatan mutuwa ke nan. Maganar ta zauna masa a rai. Ya riƙa jin kamar ya sa hannu a kan wani abin da ke jiransa a hanya.

A shekarar fari, 1973, aka ba shi dakon dawar agaji zuwa Illela. Yana cikin daji bayan Dogarawa, hantsi ya ɗaga, sai ya ji ƙaurin roba. Ya tsaya, ya diro, yana ɗaga murfin inji wuta ta taso masa. Mutanen wani ƙauye suka sheƙo, aka samu aka sauke yawancin buhunan. Ruwan kashe wuta kuwa babu, rijiyarsu ta ƙafe. Suka ja da baya suka tsaya.

Da wutar ta kama gaban motar sai ham ɗinta ya fara kuka shi kaɗai, dogon kuka ba tsayawa. Wata tsohuwa ta toshe kunnuwa tana salati. Mahamudu ya san wayoyi ne suka haɗu, amma duk da haka bai iya kallon gilashin ba sai da kukan ya shaƙe ya mutu.

Ko ƙuna bai samu ba, don haka kamfanin ba shi da abin biya. Mushe Seyni ya yi masa jaje da gaske.

Da ya isa gida, ya tsaya a bakin zaure ya faɗa wa Tsahara. Ta dube shi daga kai har ƙafa, ta kama hannayensa ta juya su.

"Ta ƙone duka?"

"Duka, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta kira babbar ɗiyarta ta kawo masa ruwa.

Shekarun da suka biyo baya sun yi musu tsanani. Tsahara ta koma sayar da ƙosai a bakin tasha, Mahamudu ya shiga tuƙa motar wani Alhaji a kan albashi, gida biyu na cin hannunsa. Wasu dangin Tanimun ba su sake gaishe shi ba har ya tsufa.