Faifan da Injin Umma Ke Ci

Da bakina na ce wa mai shagon buga faifai ya yi min VCD. Har maimaitawa na yi, don kada gobe a ce ban faɗa ba.

Idon Umma ya yi rauni, ba ta gane komai a waya sai a talabijin, shi ma sai ta jawo kujera kusa. Ƙanena da ke aiki a nesa ya turo gajerun bidiyon 'yarsa tana koyon tafiya, jikar da Umma ba ta taɓa gani ba. Injin faifan Umma kuwa tsoho ne, VCD kaɗai yake ci, amma ta san madannansa ko da lalube.

Mai shagon ya taɓe baki. "Haba Yaya, wa ke VCD yanzu? DVD ya fi fitar da hoto."

"Injinmu ba ya ci," na ce.

"To, shi ke nan."

Ashe amsar fatar baki ce. Da na kawo faifan gida, Umma ta yi wanka ta fesa turare kamar mai tarar baƙuwa, har ta kira maƙwabciya. Injin ya haɗiye faifan, ya yi gurnani, ya tofo shi. Na goge da gefen riga na mayar, ya sake tofowa.

"Ko yarinyar ta fito ne ban gani ba?" in ji Umma.

Nan zuciyata ta tafasa. Na koma shagon ina huci.

"DVD na yi miki," in ji shi, ko kunya babu. "Taimakonku na yi. Ku sayi sabon inji mana."

"Kai za ka koya wa mai raunin ido sababbin madannai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na ce za ka yi, yanzu, ina kallo!"

Na tsaya a kansa ƙyam. Ya buga yana gunaguni, wai hoton zai yi dishi-dishi, kada in dawo masa.

Dishi-dishin ya yi kuwa. Umma ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Yarinyar ta yi taku, ta faɗi zaune, ta ƙyalƙyale da dariya. Umma ta ɗora yatsa a fuskar yarinyar.

"Goshin marigayi babanku ne," ta ce. "A mayar min baya."

Kafin in motsa, hannunta ya riga ya sami madannin.