Mai Rufe Ƙofa a Cikin Jini

…kuma wai yawu. A ce mace da jikokinta ta tofa yawu a kwalba gaban mutane! Amma ta tofa, tunda jikarta ce ta miƙo, cikin farar riga da safar hannu, fuska ba wasa. Haka ake aiki. Ko ƙura babu a teburin ɗakin binciken nan, sai da ta shafa yatsa ta duba.

Metil. Tsohuwa tana riƙe da kalmar a ƙarƙashin harshe kamar ƙwayar magani. Da safe yarinyar ta faɗa mata. In ta kai azahar ba ta suɓuce ba, to kanta lafiya lau.

'Yar'uwarta kuwa — ciki ɗaya, rana ɗaya, har uwarsu sai ta ɗaura wa ɗaya zare a hannu — tana can kwance, ta manta 'ya'yanta. Jiya da ta je duba ta, ta kalle ta ta ce: "Baiwar Allah, wa kike nema?" Fuska ɗaya, jini ɗaya… saura wa ke nan?

"Rubutun jikinku ɗaya ne, Kaka, amma ba duka ake karantawa ba." Wai ɗan mitsitsin abin nan, metil, shi ke zama kan harafi ya rufe layi. Shiru! Ido ya karanta nasa, hanta ta karanta nata, ba mai leƙa ɗakin wani. Ikon Allah. Gida mai tsari ke nan. Ba ita surukai suka kira mai baƙar rowa ba, don ta rataya makullan sito a ƙugu? Ashe har cikin jini akwai mai rufe ƙofa…

Kuma wai tagwaye ma, in shekaru suka ja, makullansu kan bambanta. Waccan ta sha hayaƙin murhu, ita ta tsufa kan keken ɗinki — to ko ita za ta tsira? Ta tambayi yarinyar.

"Ba alkawari na yi miki ba, Kaka. Bincike ne."

Ja'ira! Ko ƙaryar lallashi ba ta iya ba. Ba a ƙasa ta tsinta ba.

Inji yana ta gurnani. Kwalabe biyu a jere, tata da ta 'yar'uwarta, ba za ka ce ga ta wance ba. Wace ƙofa ce ta rufe wa waccan? Wa ke riƙe da… Azahar ta kusa. Hannu ya kai ƙugu, makullai na nan. Kalmar fa? Tana lalube da harshe… tana nan, ai yanzun nan tana nan. Bari dai ta ɗan huta tukuna.