Littafin Maganin Yaya

"Da ƙaramar ciwon nan ya kama, da da sauƙi."

Mama ce ta faɗa wa Gwaggo a ɗakin girki, ina bayan ƙofa da bokiti a hannu. Gwaggo ta ce, "Kai, ke ma dai," ta yi 'yar dariya. Ni ce ƙaramar. Na jira har suka canja magana, sannan na shiga na ɗebi ruwa.

Ciwon na Yaya ne. Jininta ba ya tsayawa. Haɓo sai ya jiƙa tawul, in ta goge haƙori kuwa kamar an yanka kaza a wurin. Likita ya ce jikinta ne ke cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kuma a mutum dubu ɗari da kyar a sami uku masu irinsa. Yaya ta ce, "Kun ji ko? Ni ko a ciwo ba gama-gari ba ce."

Sai aka ɗora ta a kan sabon magani, ƙwaya ɗaya kullum. Likita ya ce suna son su ga yadda yake yi a gidajen mutane, ba a asibiti kawai ba. Aka haɗo mu da littafi mai layi-layi: kwanan wata, an sha ko ba a sha ba, jini, sai gida na ƙarshe, "abin da aka lura". Duk wata a kai littafin, a ɗebi jini, a karɓo magani. Ni aka ba, tunda na gama sakandare ina zaune. Daga ranar Yaya ta sa min Sakatariya.

Maganin ya yi aiki, wannan ba ƙarya. Wata bakwai ko ɗigo. Yaya ta koma kan kekenta na ɗinki, mata suka dawo da yadinsu, Mama ta koma yin dariya da ƙarfi.

A wata na takwas na ga tana susa. Hannu, wuya, har da bayan almakashi take sosawa. Abinci ya daina shiga. Ranar da ta ɗago ta ce in sa mata zare a allura, na ga farin idonta ya koma rawaya. Na je na rubuta a gidan ƙarshe.

Da ta gani sai ta kashe keken.

"Sakatariya, zo. Mene ne wannan?"

"Abin da aka lura ne, Yaya."

"Wa ya lura? Ke? Ke da in an yi baƙo kike shigewa bayan labule?" Ta ɗaga murya. "Mama, zo ki ga 'yarki ta zama likita!"

Mama ta zo tana goge hannu. Duk mun san matar da muke haɗuwa da ita a layin asibiti: ta faɗi gaskiya, aka tsayar mata da magani, ta koma ƙarin jini.

"Wata bakwai ina barci," in ji Mama, "ke za ki zo da biro ki mayar min da ita gadon asibiti? Baƙin ciki kike yi da ita. Tun kina ƙarama na sani."

Yaya ta yage shafin, ta miƙo min littafin. "Sake rubutawa. Da kyau, yadda kika iya."

Na rubuta "babu" sau talatin. Ko sau ɗaya ban dakata ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Biyayya nake yi, ko so nake in ga ƙarshen abin? Ban tsaya na bincika ba.

Ranar asibiti Yaya ta ƙi zuwa, don kowa ya kalle ta zai gane. Da safe na ji tana amai a banɗaki, ta bar famfo a buɗe don kar a ji. Mama ta ce ita za ta raka ni in kai littafin.

Ofishin likita ƙarami ne, fanka na kaɗa takardu, ya danne su da kofi. Ya tambaya ina Yaya take.

"Ɗinki ya yi mata yawa, likita," in ji Mama. "Ai lafiya ce ta kawo haka."

Ya buɗe littafin yana gyaɗa kai. "Da kowa na rubutu haka da mun huta. To, gwaje-gwajenta na baya duk sun yi kyau. Zan ba ku na wata uku, in ya ƙare sai ta zo a ɗebi jinin."

Wata uku. Ya jawo takarda ya fara rubutu. Mama ta ɗora hannu a cinyata, ta kama nama da farce, tana yi wa likita godiya da addu'a.

Muryar da ta fito daga bakina ma kamar ba tawa ba.

"Likita."

Bai ɗago ba. Farcen ya ƙara shiga.

"Likita, in mai shan maganin nan idonta ya koma rawaya, kwana ashirin ke nan, tana amai, me zai same ta?"