Tasallah Ta Tsefe Kai

Wayit nake tuƙawa, wato tankar ruwa. Ina cikawa a bayan Madina, in bi titin Badr, in sauka daga kwalta in shiga tsakanin baƙaƙen duwatsu inda masu tumaki suka ajiye garkensu. Izba ake ce wa irin wurin. Tanti ne, da shingen waya, da kwamin shan ruwa, da buhunan sha'ir a jibge. Yawanci maza ne zalla a ciki. A duk hanyata izba biyu kaɗai na sani da mace.

Ɗaya ta Rabo ce, mutumin Dakoro, da matarsa Tasallah. Ɗayar tana can bayan dutse, tafiya mai nisa ko a mota, wurin Bakri, Bahaushen Sudan, da matarsa Ƙaltume. Kowa da kafilinsa, wato Balaraben da ke da tumakin. Matan ba su taɓa ganin juna ba.

Wata rana ina juye ruwa, Tasallah ta yi magana daga gefen tanti.

"Yaya Zakiru, wai duk dajin nan ba wata mace sai ni?"

"Akwai ɗaya bayan dutsen can."

"Tana jin Hausa?"

"Tana ji. Rabin maganarta Larabci ne, amma za ki gane zagi in ta yi miki."

Ta shiga ciki ta fito da kuka a ƙulle cikin leda, ta ce in kai mata. Na kai. Ƙaltume ta aiko da busasshiyar kuɓewa. Wayar da ke izbar ba ta da amfani, don babu shabaka, wato sabis, a wajen, sai an hau dutse ko an fita titi. Saboda haka wayata ta zama 'yar aike. In na iso, Rabo ya karɓa ya miƙa wa matarsa, ta shiga tanti ta saurari abin da aka aiko, ta ɗauki nata muryar, a dawo mini da ita tana ƙanshin hayaƙi. Ba na buɗe saƙon mata. Amma tanti ba bango ba ne, ana ji.

"Ya ukhti," in ji Ƙaltume, "wannan kukar taki tun zamanin Fir'auna aka daka ta? Bakri ya ci, ya ce in tambaye ki ko ƙasa ce."

Tasallah ta yi dariya har ta ƙware. Rabo yana riƙe da tiyo, ya juya ya kalli tantin. Ya ce rabonsa da jin wannan dariyar tun lokacin da ciyawa take a kwarin nan.

Ciyawar kuwa ta daɗe da tafiya. Hunturu ya zo ya wuce ba ruwa, wani ya sake zuwa haka. An yi sallar roƙon ruwa a Harami, hadari ya haɗo ta wajen Yanbu, iska ta kwashe shi. Itatuwan ƙaya sun zama kamar an babbaka su. Tumaki suka koma kan sha'ir kawai, shi ma kafili yana aunawa. Nono ya ƙafe. Tunkiya sai ta haihu ta shinshina ɗan ta juya ta tafi. Waɗannan 'ya'yan da aka ƙi, Tasallah ce uwarsu. Tana dama madarar gari a gorar ruwa, ta ɗaura yatsan safar roba a baki, ta durƙusa suna tuma mata a jiki. Wanda ya mutu ta ja shi da ƙafa ta kai bayan shinge, ta dawo ta ba na gaba. Hannuwanta duk sun tsage. Ga shi kafili ya rage zuwana, ruwan da nake kawowa na dabbobi ne tukuna, abin da ya rage na mutane.

Maganar kitso Ƙaltume ce ta kawo mini ita, baki da baki, tana tsaye a bayan mijinta.

"Ya Zakiru, ka kai ni wurin yarinyar nan. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa mata kai. Da lalube take yi, dunƙule biyu, kamar na mahaukaciya. Ni kuwa makitsiya ce, ka tambayi wannan."

"Ba na ɗaukar matar wani a mota ba mijinta."

"To shi ya zo mana."

"In zo in bar wa wa garke?" in ji Bakri. "Kura?"

Haka maganar ta kwanta. Ni ban ga abin damuwa ba a lokacin. Dabbobi na mutuwa, ana maganar gashi. Na faɗa wa Rabo haka. Bai yi gardama ba, sai ya ce, "Yaya, a gida yayarta ke yi mata. Rana guda suke ɗauka, kanta bisa cinyarta, suna ta surutu. Ba gashin take nema ba." Na ce ya riƙe tiyo da kyau, ruwa na zuba a ƙasa.

Farin da ake fama da shi, shi da kansa ya buɗe hanya. Da kiwo ya ƙare gaba ɗaya, ba inda za a kora tumaki, sai a zuba musu sha'ir da safe a rufe shinge. Bakri ya ce in haka ne zai iya barin su wuni ɗaya, ba abin da za su yi sai kwanciya. Muka sa ranar Juma'ar da zan sake zagayowa wurinsu. Zan fara sauke musu ruwa, in ɗauke su su biyu, in kawo su wurin Rabo, in mayar da su kafin magariba.

"Ka ce mata ta tsefe ta wanke tun kafin in zo," in ji Ƙaltume. "Kada in ɓata rana wajen tsifa. Kuma ta shirya kuka, hannuna da zafi."

Na faɗa wa Tasallah. Ta zagaya gefen wayit ta tsaya gaban madubin ƙofa, ta ɗan ja ɗankwalinta baya, ta daɗe tana kallo. Na juya na ba ta baya. Can ta ce, "Yaya Zakiru, in ka shiga unguwar Ƙurban a Madina ka samo mini kaza, da ganyen shayi mai kyau. Baƙuwa ba ta cin sha'ir." Na kawo kazar da rai a zuwan da na yi kafin ranar. Rabo ya gaya mini tana rage ruwan shanta tana tarawa a jarka, na wankin kai.

Ranar Juma'a na yi sammako. Tun daga nesa na ga ba daidai ba. Ba tanti, ba shinge, ba tunkiya ko ɗaya. Sawun manyan motoci ne ya yanka ƙasa, sai kashin tumaki da buhunan wofi suna yawo. Kwamin siminti kawai aka bari, don ba ya ɗaukuwa. A jikin bututunsa an ɗaure wani ƙunshi da tsohon kallabi. Na kwance. Kibiyar kitso ce, da mataji, da kwalbar man gashi irin na mutanen Sudan.

Na hau dutse na nemi shabaka, na kira Bakri.

"Ya zol, mutumina, muna hanya," in ji shi. "Ruwa ya sauka wajen Ha'il, can arewa. Jiya kafili ya zo da motoci, ya ce a loda. Ko abinci ba mu gama ba."

"Yaushe za ku dawo?"

"Dawowa? Ya ce in ciyawa ta yi kyau can za mu zauna."

Na ce ya ba matarsa waya ta yi wa Tasallah sallama, in ɗauka. Na ji yana kiranta. Na ji tana cewa ba za ta iya ba. Sai ƙarar mota, waya ta yanke.

Ruwan da na kawo musu ba mai sha, na juya da shi wurin Rabo. An share gaban tanti har tsakuwa an tsince. An shimfiɗa tabarma a inuwa, an ajiye kujerar tsuguno a kai. Ƙanshin miyar kaza ya tare ni tun ban kashe mota ba. Tasallah ta fito da atamfar da ban taɓa gani ba, ta yafa mayafi sakwa-sakwa, gashin a tsefe ya tashi a ƙarƙashi ya cika shi. Ba ni take kallo ba, kujerar da ke gefena take kallo.

Ban iya kwana-kwana ba. Na sauko na ce, "Sun tashi. Kafili ya kwashe su zuwa Ha'il jiya. Ba za su dawo ba. Ga wannan ta bar miki."

Rabo ya karɓa ya miƙa mata. Ta buɗe, ta ɗauki kibiyar ta juya ta, ta mayar.

"Ruwa ya sauka can?"

"Haka suka ce."

"To, alhamdu lillahi. Tumakinsu za su ci."

Ta shiga ciki. Ba mu ji kuka ba. Bayan ɗan lokaci ta turo mana abinci, kwano uku, har da wanda ta zuba wa Bakri. Muka fara ci. Rabo ya ɗaga murya ya ce, "Ke, kawo kan in gwada. Ai ina tufka igiya." Daga ciki ta ce, "Ci abincinka, maigida." 'Yan tumakin suka fara kuka a shinge, ta fito da tsohon zanenta da gorar madara, ta wuce mu.

Na yi ta neman Bakri a kwanakin da suka biyo baya. Lambar ba ta shiga. Inda aka kai su ma ba shabaka, kuma ban san direban da ke kai musu ruwa ba.

Da na sake zagayowa, ina jan tiyo zuwa kwami na ga wani abu baƙi ya maƙale a wayar shinge, dunƙule-dunƙule, iska na kaɗa shi. Tumakin Rabo farare ne. Na kalle shi.

"Da almakashin da muke yanke wa tumaki gashi," in ji shi. "Ƙura ta shiga, ya cukurkuɗe, ba ruwan sake wanki. Ta gwada kitsawa, yatsun suka fashe da jini. Na dawo daga ba da sha'ir na tarar ta gama."

Ta fito ɗauke da gora biyu, kallabi ɗaure tamau a kai, ya kwanta lumui. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi hanya. Na zaro waya na miƙa wa Rabo, na ce ko za ta ɗauki saƙo, in ajiye, wataƙila wata rana lambar ta shiga.

"Mi zan ce mata, Yaya Zakiru?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Tsoffin saƙonnin suna nan? Wanda ta yi zancen kuka?"

"Ban goge ba."

Ta soke wayar a ɗaurin zaninta, ta shiga shinge. Na buɗe famfo, ruwa ya fara zuba a kwami, tumaki suka taso da ƙyar. Ta cikin ƙarar ruwan ina jin Ƙaltume tana tambaya ko ƙasa ce. Da saƙon ya ƙare, Tasallah ta ajiye gora ɗaya, ta goge hannu a zane, ta mayar da shi farko.